Ruwan Damagaram, na Kano da na Fatakwal: amsa ga ɗan uwa mai fataucin hatsi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani ɗan uwanmu a wannan zaure ya yi tambaya. Ya ce yana lodin gero da wake daga Damagaram da kasuwar Dawanau yana kaiwa Fatakwal, kuma abin na ɗaure masa kai: sai ya baro Kano a watan Afrilu ana zabga zafin bazara, ko ɗigo bai sauka ba, ya tarar can ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yana son sanin yawan bambancin, da kuma ko kusanci da teku ne kaɗai dalili.

Malam, mu fara da ma'auni. Da milimita ake auna ruwan sama. Ma'aikatan yanayi kan kafa mazubi mai baki kamar mazurari a fili, kowace safiya su duba abin da ya taru. Milimita 1 na nufin lita 1 a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, ka ga a gona mai hekta guda lita 10,000 ke nan. Idan aka ce matsakaicin ruwan gari, lissafin shekaru da yawa ne, galibi 30, aka haɗa aka raba.

Damagaram na samun wajen milimita 400 a shekara. Kano tsakanin 800 da 900. Fatakwal kuwa ta haura 2,300, Kalaba da ke gabas da ita na kusan 3,000. Duba tsakanin Kano da Damagaram, tafiyar da ba ta kai kilomita 250 ba, amma ruwan ya ragu da rabi. Ka ƙara nausawa Agadas, da ƙyar ake samun 150, a Bilma kuwa ko 20 ba ya kaiwa.

Iska biyu ce ke wannan rabo. Ɗaya na tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ɗaya na fitowa daga Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya, ita ce ta hunturu mai fasa mana leɓe da diddige. Inda suka haɗu akwai iyaka, kuma iyakar ba a tsaye take ba, rana take bi. Daga farkon shekara iskar teku kan fara ture ta hamada zuwa arewa sannu a hankali, har ta kai ƙurewa a watan Agusta, sannan ta juyo da sauri. Fatakwal ce farkon samun ta, ita ce kuma ƙarshen rabuwa da ita, don haka daminarta kan kama daga Maris har Nuwamba. Kano sai Mayu ko Yuni ruwa ke zama, ƙarshen Satumba ya ɗauke. Damagaram wata uku ne kusan, daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba.

A ganina tsawon daminar nan ya fi jimillar milimita muhimmanci, don shi ne ke yanke wa manomi abin da zai shuka. A Kano kusan sulusin ruwan shekara cikin Agusta kaɗai yake zuba, lokacin marka, sa'ad da katangun ƙasa ke jiƙa su zube, kududdufai su cika su tumbatsa. Wata bakwai kuwa babu komai. Shi ya sa manomin Damagaram ya riƙe gero da wake, masu nuna da wuri masu jure fari. Na Kano ya ƙara da dawa da gyaɗa da masara. Na Fatakwal rogo da ayaba da kwakwar manja ne nasa, kuma damuwarsa yawan ruwan ne: yana wanke taki, yana zaizaye ƙasa, yana kashe hanya. Wanda ya taɓa ganin manomin jigawa bayan ruwan farko zai gane nauyin abin. Da asuba zai fita ya tona ƙasa da hannu, ya ga iya inda damshi ya kai. In ya wuce tsawon tafin hannu, a fito da sungumi da ƙwaryar iri. In bai kai ba, a haƙura, don shukar da ta tsiro ruwa ya yi mata hutun mako biyu ta ƙone, iri ya tafi a banza. A Nijar har doka aka yi a 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta aka bar wa makiyaya, kuma ƙarancin ruwan ne tushen dokar.

Batun teku kuwa, gaskiya ne amma ba duka ba. Akra, babban birnin Ghana, a bakin teku take, amma ruwanta bai wuce 700 zuwa 800 ba, wato bai ma kai na Kano ba. Gaɓar tekun wajen ta miƙe ne daidai da hanyar iskar, sai iskar ta bi gefe ta wuce maimakon ta shigo tudu, ga kuma ruwa mai sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku tsakanin Yuli da Satumba yana hana hadari haɗuwa. Kumasi da ke cikin ƙasa ta fi ta ruwa nesa ba kusa ba. Dutse ma na da nasa aikin. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iska na hawa ta yi sanyi ta sauke abin da ta ɗauko, sai garin ke samun wajen 1,300 zuwa 1,400, har da ƙanƙara wani lokaci, shi ya sa dankalin turawa ke yi a can. Ƙauyen Debundscha da ke gindin dutsen Kamaru ya haɗa biyun, teku a gaba dutse a baya, ruwansa na kai wajen 10,000 a shekara.

Abin da na fi so ɗan uwa ya riƙe shi ne, matsakaicin nan ya fi yaudara a wurinmu. Idan ruwan Fatakwal ya ragu da milimita 200 a wata shekara, ba wanda zai lura. Idan na Damagaram ya ragu da 200, rabin damina ya tafi, rumbu ya zama wayam. Iyayenmu sun ga haka a farin 1973 da na 1984, lokacin da dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu. A 2024 kuma aka ga ɗaya fuskar: ruwa ya yi yawa har tsohon masallacin Damagaram ya rushe, madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, duk cikin Satumba. Landan ma wajen 600 take samu, kusan daidai da Sakkwato, amma can yayyafi ne a rarrabe duk shekara cikin sanyi, nan kuwa a wata huɗu yake zuba, rana ta shanye kaso mai yawa kafin ya amfani shuka.

Ga sana'arka kuma, Malam, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa a kowace jiha. Ka riƙa dubawa kafin ka yi lodi. Hatsin da ya bushe ƙayau a Dawanau, in ya kwana biyu a laimar Fatakwal yakan ja damshi ya yi fumfuna, wake ma ya fi saurin lalacewa. Daga Maris zuwa Nuwamba kada mota ta tashi ba tamfol mai kyau, kuma a shago a jera buhuna a kan katako, a ɗan janye su daga jikin bango.