Layin raba rasit: karan ɗori ko harafin 196?

Malam, kan tambayarka ta layin da zai raba jerin kaya da jimillar kuɗi a rasit ɗin da firinta ke bugawa: ka ɗauki harafi mai lamba 196 (─) a jadawalin haruffan firinta mai suna PC437, wato C4 a lissafin hex, yadda ake rubuta lambobin da ake aika wa firinta. Karan ɗori dai yana fita a kowace firinta, iyakar yabonsa ke nan, layinsa a gutsuttsure yake.

Shi 196 yana cike gurbinsa daga gefe zuwa gefe, saboda haka in ka jera shi sai layin ya fito a haɗe santal, rasit ɗin ya yi kyan gani. Ka fara aika umarnin ESC @ don firinta ta koma saitinta na asali, sai ESC t 0 ya zaɓi PC437, sai C4 adadin da layi ke ɗauka, ka rufe da 0A, umarnin sauka sabon layi. Takarda mai milimita 58 yawanci tana ɗaukar ɗigo 384 a layi, kowane harafin Font A, girman rubutun firinta na asali, yana cin ɗigo 12, haruffa 32 ke nan. Mai milimita 80 yawanci 48 ce, amma wasu Epson masu ɗigo 512 a 42 suke tsayawa. In ka ƙara ɗaya kawai, sai ya gangaro layin ƙasa shi kaɗai. In layi mai ruɓi biyu kake so a saman jimilla, CD za ka aika a madadin C4.

Wuri biyu ake yawan tuntuɓe. In manhajarka ta tura alamar a UTF-8, tsarin rubutun da yawancin manhajoji ke amfani da shi, bayit uku (lambobi uku) za su tafi, E2 94 80, firinta ta bugo maka shirme. Ka tura C4 tsurarsa. Sannan firintoci da yawa 'yan Chaina suna zuwa a saitin rubutun Sinanci, suna haɗa bayit biyu-biyu su mai da su harafi ɗaya. Maganinsa ka aika umarnin FS da aya mai kashe wannan saitin, wato 1C 2E, nan take bayan ESC @.

Don Allah in za ka shiga Ahmadu Bello Way sayen wata firintar, kada tambarin da ke jikin kwali ya ruɗe ka, akwai masu manna sunan Epson a kan jabu. Ka riƙe madannin FEED ka kunna ta a gaban mai shago. Takardar gwajin da za ta fito za ta nuna ainihin samfurinta da jadawalin haruffan da take kai. Wanda ya hana ka wannan gwajin, ka bar masa kayansa.