Ɗakin kuɓuta: ko ya dace da mata da miji su biyu kaɗai?

Wasan da Turawa ke kira escape room, inda ake rufe mutane a ɗaki su warware wasannin ƙwaƙwalwa su buɗe kwaɗuna don su fita kafin lokaci ya ƙare, ya soma ne a Kyoto ta Japan a 2007, a hannun Takao Kato da kamfanin SCRAP. A 2011 aka buɗe gidan irin wannan wasa mai suna ParaPark a Budapest ta Hungary, daga nan wasan ya bazu a Turai. Yau ma'auratan da suka je hutu Dubai ko Landan ba za su rasa shi ba. Ana kama lokaci ta intanet, a iso da kamar minti 15 kafin a fara, a ajiye waya a kabad, mai kula da wasa ya karanta labarin ɗakin da ƙa'idoji, sai agogo ya soma cin minti 60.

Yana da daɗi ga mutum biyu, amma ba kowane ɗaki ba. Akwai wanda aka tsara a jere, sai an warware wannan kafin a kai ga wancan. Shi ne na ma'aurata. Akwai mai rassa, wanda aka yi don mutum biyar ko shida su rarrabu, kuma hannu huɗu ba sa gama shi a awa guda. Ku tambaya kafin ku biya. Ku kuma tambaya ko ɗakin naku ne kaɗai, don wasu wurare, musamman a Amurka, sukan haɗa ku da baƙi. Kuɗin mutum biyu yakan fi tsada a kan kowane kai.

Yawanci ba wuyar lissafi ke kayar da mutane ba, rashin bincike ne. Minti biyar na farko a raba ɗakin gida biyu, kowa ya laluba ƙarƙashin kafet, bayan hoto, aljihun rigar da ke rataye, ƙasan durowa, sannan a yi musanya. Abin da maigida ya tsallake, uwargida za ta gani. Duk abin da aka samu a faɗa da baki: "Ga kwaɗo mai lamba huɗu", "Ga takarda mai launi uku". Sau da yawa amsar tana hannun ɗaya, kwaɗon yana gaban ɗaya, kowa ya yi gum. A tara kayan wuri guda, makullin da ya riga ya buɗe wani abu a bar shi jikin kwaɗonsa, don da wuya ya sake amfani.

Kwaɗon da ya fi ba da ciwon kai shi ne wanda ake tura maɓallinsa sama, ƙasa, hagu, dama. In an yi kuskure sau ɗaya, ko an sa amsa daidai ba zai buɗe ba sai an danna ƙarfensa ƙasa sau biyu ya goge na baya. Mai lamba kuwa, a duba layin da ake jera lambobin, wani a tsakiya yake, wani a gefe. Ƙofofin maganaɗisu da ɗan ƙas suke sakewa. In ana surutu ba a ji, sai a ɓata minti goma ana neman abin da tuni ya buɗe. Tocila mai shuɗin haske ta karanta ɓoyayyen rubutu ce, a haska bango da ita. Abin da ya ƙi motsi da yatsa biyu ba na motsawa ba ne, kada a fizge.

Mai kula yana kallo ta kyamara, yana turo ƙarin haske kan amsa ta allo ko oba-oba. Girman kai a nan asara ce: in minti biyar suka wuce ba ci gaba, a roƙa. Babbar riga da doguwar abaya kan sarƙe in akwai rarrafe, kuma a tabbatar alamomin da Turanci suke, ba yaren garin ba.

Kafin a rufo ƙofa, a ce mai kula ya nuna mafitar gaggawa. A Janairun 2019 gobara ta kashe 'yan mata biyar a irin wannan ɗaki a Koszalin ta Poland. Wurin da ya san aikinsa ko dai bai kulle ƙofar da gaske, ko akwai maɓalli a gefenta da ke sakinta nan take. In babu ko ɗaya, ku karɓi kuɗinku ku fita.