Wata Bakwai da Jita a Kan Piye: Kafaɗa Ta Huta, Ƙafa Ta Shiga Mari

Ciwon kafaɗa ne ya sa na sayi wannan ƙarfe mai riƙe jita, ba neman burga ba. Shekara 19 ke nan ina rataya jita a bukukuwan Garwa ta Kamaru, daga Yelwa zuwa Rumde Ajiya, wani lokaci har Pitowa da Gider. Jitar lantarkin da nake aiki da ita ta kusa kilo 4. A hannu ba wani nauyi ba ne, amma ka rataya ta tun bayan isha'i har ƙarfe ɗayan dare, Juma'a da Asabar da Lahadi, sai ka ba da labari. Bara ta kai ni ga ko hannu zan ɗaga in yi kabbara da asuba sai na cije leɓe. Mai ɗakina ta gaji da shafa mini man zafi, ta ce, "Maigida, ko dai ka ajiye kiɗan nan, ko ka nemi mai riƙe maka."

Mai riƙewar kuwa ƙanena ne ya samo mini a Yawunde. Ya biyo jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga nan aka sa shi a mota zuwa Garwa. Da kuɗinsa da na hanya jaka 40 na kashe, wato sefa dubu 40 ga waɗanda ba su saba da lissafinmu ba.

Abin ba shi da wani sarƙaƙiya. Wani ɗan gado ne na ƙarfe mai hannuwa da aka lulluɓe da roba, su ne ke kama cikin jitar ta ƙasa da ta gefe. A bayansa akwai gaɓa mai juyawa da noti guda na matsewa, sai a ɗora shi a kan sandar makirufo mai ƙafa uku, wadda mu makaɗan nan muke kira piye. Ka saita tsayi, ka karkata wuyan jitar yadda ka saba, ka matse. Shi ke nan, jita na tsaye a gabanka, kai kuma ka zo ta bayanta ka kaɗa.

Ranar farko ma ban iya ɗora shi ba. Bakin da ake murɗawa a sandunan makirufo iri biyu ne, akwai mai inci 5/8, akwai mai 3/8 da aka fi gani a kayan Turai. Nawa piye 3/8 ne, gadon kuwa 5/8. Sai da na kwance ɗan notin da ke cikin mariƙin wani tsohon makirufo kafin suka haɗu. Wanda duk zai saya ya duba wannan tun a shago. Sannan hannuwan an yi su ne don jitar katako mai kaurin ciki; ta lantarki siririya ce, sai ta riƙa rawa a ciki kamar ƙwallon goruba a gwangwani. Tsohon silifas na yanka na cusa ta baya, ta zauna daram. Na kuma naɗe robar da tsumman atamfa, don akwai jitocin da fentinsu ba ya shiri da roba, in sun daɗe a manne sai ta bar musu tabo, balle a zafin Garwa na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40.

Gaskiya ɗaya ce, kafaɗa ta huta. Cikin mako uku na daina neman man zafi. Babbar rigata ma ta huta, don da maratayi ne ke murɗe ta a wuya ya bar mata layin gumi daga kafaɗa zuwa ƙugu. Akwai kuma wata riba da ban zata ba. Da na ɗora jitar katako, sai na ji muryarta ta buɗe. Ashe tumbina ne ke danne bayanta duk shekarun nan. Katakon baya shi ma yana karkarwa tare da na gaba, in ka manna shi a ciki ka toshe masa baki. Mai kalangunmu da ya ji ya ce, "Yaya, sababbin wayoyi ka sa?" Ban canza ko ɗaya ba.

Wani daɗin kuma shi ne sauya kayan kiɗa. Akwai waƙoƙin da nake buɗewa da garaya kafin in koma jita. Da sai na tuɓe wannan na rataya wancan, mawaƙi na ta jan baiti yana hararata. Yanzu ajiye garayar kawai nake yi a kujera, taku ɗaya na kama jita, kiɗa bai yanke ba.

Sai dai hannu ya sha koyon sabon zama. In jita na rataye, kai da ita abu ɗaya ne: yatsun hagu na danna wayoyi, damtsen dama na tokare ta da ƙirji. A kan piye babu ƙirjin da zai tare. Ka shimfiɗa ɗan ali ka danne wayoyi shida gaba ɗaya, sai ka ji wuyan ya ja da baya kaɗan, babban yatsa ne zai ɗauki duk aikin. Makon farko tsintsiyar hannuna ta yi tsami. Dabarar da na gano ita ce in matso sosai har cikina ya ɗan taɓa gefen jitar na sama, in kuma rage ƙarfin danna. Notin gaɓar shi ma yakan saki. Tsakiyar waƙa sai ka ga kan jita na sunkuyawa a hankali kamar mai gyangyaɗi a wajen wa'azi. Ƙurar hunturu na shiga ciki, to kowane mako sai na kwance na goge, kuma sifana ba ta barin aljihuna.

Babbar matsalar ba a jikin ƙarfen take ba, a irin aikinmu take. Wanda ya ƙera wannan abu dandamali ya gani a ransa: daɓe mai laushi, jama'a na zaune can nesa, makaɗi a wuri ɗaya. Mu kuwa filin biki muke, a kan rairayi, a ƙofar gida. Kuma makaɗin biki ba ya tsayawa. In mawaƙi ya kama kirarin uwar amarya, bin sa kake yi da jita har gaban kujerarta, ka ɗan rusuna, ka sa wayoyi su yi mata magana, a nan ne ake buɗe jaka. Liƙi ba ya zuwa wurin wanda ya kafe kamar turke. Daren farko da na yi da piye a wani biki, ina tsaye a baya kusa da janareto ina kallon mai kalangu, goshinsa duk takardun jaka-jaka, ni ko ɗari biyar ba a manna mini ba. Ko da yake a faranti ɗaya muke tarawa mu raba, maigidan ƙungiyarmu ya ja ni gefe ya ce, "Malam, yau jitarka ta yi daɗi, amma ba ta gai da kowa ba."

Biki na uku ne na ga ta kaina. Ana tsakiyar rawa, ƙawayen amarya suka yo kanmu a guje. Gefen mayafin wata ya sarƙe da wayar da ta tafi amfilifaya, ƙafa ɗaya ta piye kuma dama ta ɗan nutse a rairayi. Ina gani da idona jita ta fara tafiya gaba, a hankali, kamar bishiyar da aka sare. Na cafko wuyanta saura kamar taƙi ɗaya kanta ya daki ƙasa. Lasifika ta yi wata ƙara da ta sa yara toshe kunne. Yarinyar ta dafe ƙirji tana cewa, "Baba, don Allah ka yi haƙuri." Me zan ce mata? Ba ita ta kafa ƙarfe a hanyar rawa ba.

Washegari na kai piyen wurin wani mai walda a unguwarmu. Ya juya shi, ya girgiza, ya ce nauyin duk a gaba yake, ƙasan kuwa ba komai. Ya yanko faifan ƙarfe uku masu faɗin tafin hannu ya liƙa a ƙarƙashin ƙafafun don kada su nutse, ya kuma sa ƙugiya a sandar tsakiya. Yanzu ƙaramin buhun rairayi nake ratayawa a nan, a wurin bikin nake cika shi, in an tashi in zazzage. Ya ce kullum in sa ƙafa ɗaya ta fuskanci gaba, daidai ƙarƙashin cikin jitar. Jaka biyu ya karɓa, kuma tun daga ranar bai sake ko gezau ba. Wayar ma yanzu sai na naɗe ta sau biyu a gindin sandar kafin ta wuce.

To wa zan ce ya saya? Mai kiɗa a situdiyo, ko a coci, ko a zauren taro inda kowa ke zaune, da mai koyar da yara da ke yawan sakin jita ya gyara musu yatsu, da duk wanda baya ko kafaɗa ta fara yi masa gardama, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Amma ya samu piye mai nauyi, kada ya ɗora jitarsa a kan ɗan siririn nan na makirufo mai araha. Saurayi mai lafiya da ke bin bukukuwa kuwa, ya riƙe jaka arba'in ɗinsa ya sayi faffaɗan maratayi mai soso.

Ni dai na raba dare biyu. Daga farawa har wajen sha ɗaya, lokacin da jama'a ke taruwa ana cin abinci, jita na kan piye. Da na ga mawaƙi ya gyara hula ya fara leƙen inda manyan mata suke zaune, sai in kwance noti, in rataya ta, in bi bayansa. Awa ɗaya da rabi kafaɗa na iya ɗauka. Abin da har yau ban samo wa magani ba shi ne ɗaukar kaya: jita a baya, garaya a gaba, piye a gicciye kan cinya, masu mashin na ganina daga nesa suke ƙara ɗari biyu.