Wace Saniyar Madara Za Ka Saya? Ka Duba Abincinta Kafin Ka Duba Launinta

Duk mai son shiga kiwon madara idonsa na fara sauka ne a kan Holstein, baƙa da farar nan da asalinta ƙasar Holan da arewacin Jamus. Ba ta da na biyu wajen yawan nono: idan ta samu kulawa tana ba da lita 25 zuwa 30 a rana, wani lokaci fiye. Amma saniya ce mai nauyin kilo 600 ko sama, cikinta ba ya ƙoshi da ciyawar kiwo kaɗai, kuma ranar zafi tana iya shanye ruwa lita 100. Rana ta take, sai ka gan ta a tsaye baki buɗe tana haki, ta bar abinci, washegari bokitin tatsa ya ragu. Kaska ma ba ta raga mata. Wanda ba shi da rumfa mai iska, ruwa wadatacce da abincin shekara a ajiye, ina ba shi shawara ya haƙura da ita.

Jersey, wadda ta fito daga tsibirin da ke tsakanin Ingila da Faransa, ƙarama ce, kilo 400 zuwa 450. Nononta bai kai na Holstein yawa ba, sai dai ya fi kauri, maiƙonsa na kai kashi 5 cikin 100, na Holstein kuwa bai cika kai 4 ba. Mai son fitar da man shanu ita ce tasa. Ta fi jure zafi, ba ta cika wahalar haihuwa ba.

Sai masu tozo, irin su Sahiwal ta Pakistan, Gir ta Indiya, da Bunaji. Su ne gwanayen zafi da cuta, kuma suna rayuwa a kan abincin da Holstein za ta rame a kansa. Nononsu kaɗan ne, kuma da yawansu ba sa sakin shi sai maraƙi na kusa.

Ni dai, ga mai farawa a ƙasa mai zafi, na fi karkata ga ruwa-biyu, wadda aka haɗa jinin Holstein ko Jersey da na mai tozo. Mutanen Brazil ta haka suka samar da Girolando daga Holstein da Gir. Amma ka tambayi yawan jinin: rabi da rabi ta fi sauƙin riƙo, yayin da jinin baƙuwar ke ƙaruwa, buƙatarta ma ƙaruwa take.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka sayi nono da baki. Ka je lokacin tatsa, safe da yamma, ka auna da idonka, domin ana iya ƙin tatsar saniya a kwana don hantsarta ta cika ta burge mai saye. Ka taɓa hantsar bayan an tatse: lafiyayya takan saki ta yi laushi. In ka ji tauri ko zafi a gefe guda, ko ka ga gudaji a ɗigon farko, ciwon hantsa ne. Ka tabbatar dukkan nonuwa huɗun na zuba. Ka tambayi ranar da ta haihu, saboda nono na kai ƙololuwarsa wajen mako 6 zuwa 8 bayan haihuwa, daga nan yana raguwa. Ka buɗe baki ka duba haƙoran ƙasa, in sun cinye sun yi giɓi, ta tsufa.

Karsana mai ciki ta fi araha, amma ba ka san abin da za ta bayar ba. Wadda ta yi haihuwa ta biyu ta riga ta nuna halinta. Kafin ka biya, likitan dabbobi ya gwada ta kan bakkale (cutar da ke sa saniya ɓari) da tarin fuka, domin dukansu na kama mutum ta ɗanyen nono. In ta iso, ka ware ta daga sauran garken na wasu makonni tukuna.