Tsohuwar Porsche 911 ko 944: wacce ta cancanci kuɗinka?

Kafin a kai ga maganar farashi, a fara duba inda injin yake zaune. A motocin Porsche na shekarun 1980, wannan ne ke nuna yadda mota za ta yi tafiya, irin ciwon da za ta riƙa yi, da kuma bakaniken da zai iya taɓa ta.

Ita 911, tun da aka fara nuna ta a baje kolin Frankfurt a 1963, injinta yana can baya, bayan tayoyin baya ma. Silinda shida ne a kwance, uku dama uku hagu, kuma babu lagireto: fanka da baƙin mai ke sanyaya shi. Wanda ya taɓa buɗe bayan Volkswagen Beetle, irin wadda aka riƙa haɗawa a Legas, ya ga tushen tsarin. Nauyin da ke baya yana danne tayoyi, shi ya sa take fita daga kwana da ƙarfi. Amma idan ka firgita a tsakiyar kwana ka ɗage ƙafa daga totur, bayan na iya juyowa gaba. Masu ita sun san wannan hali, wasu ma don shi suke son ta.

A cikin 911 ɗin, uku ne suka fi shiga hannun mai saye. SC ta 1978 zuwa 1983 tana da inji mai lita 3.0, ƙarfin doki 180 da farko, ya kai 204 daga 1981. Inji ne mai juriya, sai dai dogayen kusoshin da ke ɗaure kan silinda sukan karye idan tsatsa ta ci su, kuma gyaran sai an sauke inji. Giyarta, wadda ake kira 915, ba ta son gaggawa. Ka matsa mata da sanyin safiya, ta yi maka gardama.

Carrera 3.2 ta 1984 zuwa 1989 ita ce nake ganin ta fi dacewa da yawancin mutane. Doki 231 a samfurin Turai, kwamfutar Bosch Motronic ke raba fetur, sannan an gyara abin da ke ɗame sarƙar inji ya koma aiki da matsin mai, wanda a tsofaffin yakan saki ya lalata inji. Daga 1987 aka sa mata giyar G50 ta kamfanin Getrag da kuloci mai aiki da mai. Bambancin a hannu ake jin sa tun canjin giya na farko, kuma kasuwa ta sani, don haka masu G50 sun fi tsada. Idan aljihu zai ɗauka, ƙarin ya cancanta. Sitiyarinta dai babu mai taimaka masa sai damtsenka, birkinta babu ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki, na'urar sanyaya cikin motar kuwa suna kawai ta tara.

Sai 964 da ta biyo baya a 1989: lita 3.6, doki 250, sitiyari mai laushi, ABS, da sifirin a madadin sandunan ƙarfe masu murɗuwa na da. Ta fi daɗin zama, ta kuma fi yawan abin lalacewa. Injinan farko an haɗa su ba gaskit a kan silinda, wasu suka riƙa yoyon mai. Ita kuwa 993, 911 ta ƙarshe a masu sanyaya da iska da aka daina a 1998, farashinta ya riga ya wuce inda wannan magana za ta yi amfani.

Kowacce ka zaɓa, leƙa ƙarƙashi. Daga 1976 kamfanin ya fara lulluɓe jikin da sinadarin hana tsatsa, amma shekara arba'in ba wasa ba ce: a duba gindin ƙofofi, kewayen gilashin gaba da wurin zaman batir. Baƙin man kuwa ya haura lita goma, a wani tanki daban yake, kuma ana auna shi ne inji na aiki bayan ya yi zafi. Bakaniken da ya kashe mota ya zaro sandar awo, ya ce mai ya yi ƙasa, kada ka bar masa makulli.

To, 944 fa? An yi ta daga 1982 zuwa 1991, injin silinda huɗu a gaba, mai lita 2.5 da farko, sanyaya da ruwa, akwatin giya a baya domin nauyi ya rabu kusan daidai. A kwana ta fi tsohuwar 911 biyayya nesa ba kusa ba, bayanta kuma yana ɗaukar kaya. Mafi kyawunta S2 mai lita 3.0 da doki 211. Rauninta bel ɗin inji: ya tsinke, fistin ya daki bawul, an shiga babban gyara. Idan mai sayarwa ba shi da takardar ranar da aka canza shi, ka cire kuɗin canjin daga farashi, kuma kada ka tuƙa ta zuwa gida, a ɗauko ta. Canjin kulocinta ma aiki ne mai cin lokaci saboda giyar na baya.

Ga mai zama a wuri mai zafi da cunkoso, 944 ta fi haƙuri, kuma bakaniken da ya saba da tsofaffin Audi ba zai ɓata a cikinta ba. Injin 911 yana son hanya buɗaɗɗiya. Tsayuwa cikin cunkoso da rana tsaka na tafasa masa mai. Mai shigo da ita Najeriya kuma ya tambayi dokar kwastam kan iyakar shekarun mota tun kafin ya biya ko kwabo. Wanda yake da garejin ajiya da wata motar zuwa aiki, ya nemi Carrera 3.2 ta 1987 zuwa 1989 mai cikakkun takardun gyara. Wanda zai riƙa hawa kowane mako, 944 S2.