Wasiƙa daga Hustan: sai da na ci jarrabawa kafin a bar ni in yi tausa

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya, ke da maigidan da yara. A gaishe mini da Gwaggo, a ce ina yi mata ya jiki. Ya aikin shinkafa a fadama?

Ranar da muka yi waya kin yi ta mamaki da na ce miki na samu lasisin tausa. Kika ce, "Tausa kuma har da lasisi, sai ka ce tuƙin mota?" Layin ya yanke ba mu ƙarasa ba, shi ya sa na zauna in rubuto miki a tsanake. Akwai abin da nake so ya isa kunnen Gwaggo da duk mai shiga gidajen jego a unguwarmu ta Argungu.

A nan jihar Tekzas, duk wanda ya karɓi kuɗin mutum ya yi masa tausa ba shi da lasisi, ya karya doka. Kowace jiha a Amurka da nata tsarin. Ohayo ta sa wa sana'ar doka tun 1915. A Niyok sai mutum ya yi awa 1,000 a makaranta, kuma jihar ce ke shirya jarrabawarta da kanta. A lardin Ontariyo na Kanada karatun yakan kai awa 2,200. Mu namu awa 500 ne, kuma hukumar lasisi ta jiha, wadda ake kira TDLR, ta ƙayyade yadda za a raba su. Awa 200 na koyon tausar kanta. Awa 50 na sanin ginin jiki, 25 na yadda sassan jiki ke aiki, 50 na motsin gaɓoɓi da tsoka, 40 na cututtuka. Sauran sun tafi a kan amfani da ruwan zafi da na sanyi, da tsafta da taimakon gaggawa, da dokoki da ladabin sana'a, sai awa 50 na ƙarshe da ɗaliba za ta yi tana aiki a jikin mutanen gari, malamai na sa mata ido. Kuɗin makarantar da na biya ya haura dala 5,000, kaɗan-kaɗan na riƙa biya daga aikin kula da tsofaffi da nake yi da dare.

Na shiga ajin da ƙarfin gwiwa, don na san hannuna ba baƙo ba ne. Kin tuna tun ina 'yar shekara goma nake bin Inna, Allah ya jiƙanta, ina riƙe mata ƙoƙon man kaɗanya duk gidan da aka kira ta. Makon farko malamar ta kwanta ta ce kowa ya gwada a bayanta. Da na gama ta ɗago ta tambaye ni inda na koya. Na ce wurin kakata, ungozoma ce. Amma wahalar tana cikin littafi. Ƙasusuwa 206 ne a jikin baligi, tsoka ta haura 600, kuma sunayensu da Latin suke. Ana so ki san inda kowace babbar tsoka ta faro, inda ta manne, da abin da take motsawa. Na yanka kwali ƙanana na rubuta sunayen, na liƙa a bangon kicin, ina tuƙa tuwo ina bita.

Wata rana a darasin cututtuka malamar ta haska hoton ƙafafun wata mata a bango. Ɗaya lafiya lau, ɗayar ta kumbura daga sharaɓa zuwa idon sawu, fatar tana sheƙi. Ta ce wannan jini ne ya daskare ya zama guda a cikin babbar jijiyar da ke can cikin ƙafa. Alamunsa kumburi a ƙafa ɗaya, da ciwo, da ɗumi idan an taɓa, wani lokaci launin fatar ya sauya. Ta ce irin wannan ƙafa ba a tausa ta, ko da mai ita tana kuka tana roƙo, domin matsawa na iya ɓamɓaro gudan jinin ya bi jijiya ya wuce ta zuciya ya toshe hanyar jini a huhu. In haka ta faru numfashi ke sarƙewa farat ɗaya, ƙirji ya ɗau ciwo, wani ya yi tarin jini, wani kuma ko asibiti ba a kaiwa. Sai ta lissafa waɗanda abin ya fi kamawa: wanda aka yi wa tiyata, wanda ya daɗe a kwance, wanda ya yi doguwar tafiya a zaune, mai ciki, da mace a makonni shida na farko bayan haihuwa.

Makonni shida, Yaya. Kwana arba'in ɗinmu na jego ke nan da ɗoriyar kwana biyu.

Biro ya faɗi daga hannuna. Amaryar gidan maƙwabtanmu ce ta faɗo mini a rai, wadda ta haifi namiji shekarar da aka yi bikinki. Bayan suna da 'yan kwanaki ƙafarta ta hagu ta kumbura, aka ce sanyi ne ya shige ta. Aka aiko kiran Inna da hantsi. Ina tsugune a gefen gadon da ƙoƙon mai a hannuna, ina kallon Inna tana murza sharaɓar da babban yatsa, tana jan ta sama, yarinyar tana cije gefen zaninta. Inna har cewa ta yi ƙafar ta yi zafi kamar an gasa. Bayan la'asar muka ji salati daga gidan. An ce ta tashi za ta shiga wanka, ta dafe ƙirji, ta ce numfashinta. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Ajali idan ya zo babu makawa, wannan na yi imani da shi. Amma alamun da malamar ta jero, ɗaya bayan ɗaya, su na gani da idona ina yarinya. Kuma ban ɗora wa Inna laifi ba ko daidai da ƙwayar gero. Ta yi abin da ta gada daga uwarta, da zuciya ɗaya, kuma mata nawa ne a Argungu suka miƙe daga jego da ƙarfinsu saboda hannunta? Babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya faɗa mata wannan magana guda. Da an faɗa mata, na san halinta, da ita ce za ta fara cewa a nemo mota.

Daga ranar na fahimci abin da karatun yake nufi. Babban kaso na abin da ake koya mana shi ne sanin lokacin da za ki janye hannunki. Mai zazzaɓi ba a yi masa. Wurin da ke da rauni a buɗe, ko ƙuna, ko makero, ko ƙazuwa, ba a taɓawa. Mai shan maganin tsinka jini ba a danna shi da ƙarfi, don jini zai taru masa a ƙarƙashin fata. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji ba zai iya ce miki kin matsa da yawa ba, ke ce za ki sassauta. Tsohuwar da ƙashinta ya yi sanyi, nauyi kaɗan na iya karya mata haƙarƙari, kuma nan na tuna yadda ake sa jikoki su hau bayan kakanni suna takawa. Gaban wuya, da hammata, da bayan gwiwa, duk wurare ne da manyan jijiyoyi suke kusa da fata, ana bi da su a hankali.

Jarrabawar sunanta MBLEx. Wata ƙungiya da ta haɗa hukumomin tausa na jihohi, FSMTB, ita ke shirya ta, kuma yawancin jihohi da ita suke aiki. Na biya dala 265. A cibiyar Pearson VUE na rubuta, wani ɗaki shiru mai jerin kwamfutoci. Sun duba katin shaidata, suka ɗauki hotona da na tafin hannuna, waya da jaka aka kulle a akwati. Wata ma'aikaciya ta duba hijabina cikin mutunci, ba a ce in cire ba. Tambaya 100 ce cikin minti 110, kowace da amsoshin da za ki zaɓi ɗaya. Ba a tsallake tambaya, ba a komawa baya, kuma kwamfutar tana auna ki: in kina ci sai ta ƙara tsauri, in kina faɗuwa ta sassauta. Da yawan tambayoyin labari ne. Ga mutum ya zo da kaza da kaza, me za ki yi? Sau da dama amsar ita ce a tura shi wurin likita. Wanda ya faɗi sai ya jira kwana 30 ya sake biyan kuɗi. Kafin in bar wurin aka miƙo mini takarda, na ci. A cikin mota na yi kukana, na yi wa Inna addu'a.

Ba a nan ta ƙare ba. Sai da na yi wata ƙaramar jarrabawa ta dokokin Tekzas, aka ɗauki zanen yatsuna aka bincika ko na taɓa aikata laifi. Suna tsanantawa ne saboda akwai masu fakewa da sunan gidan tausa suna safarar mata. Lasisin shekara biyu yake yi, kuma kafin a sabunta sai na ƙaro karatu na awa 12. Yana rataye a bangon ɗakin aikina da hotona a jiki, kuma kowa na iya shiga intanet ya duba ko na gaskiya ne.

Na san abin da ke ranki, maganar tsiraici. Mata kawai nake yi wa, da wannan sharaɗin na karɓi aikin. Kafin mace ta hau gado sai ta cika takarda ta faɗi cututtukanta da magungunan da take sha, da inda take so a taɓa da inda ba ta so, mu biyu mu sa hannu. Ina fita ta shirya ta lulluɓa da zanen gado. Wurin da nake aiki a kai kawai nake buɗewa, in na gama in rufe. Tana da ikon cewa a tsaya a kowane lokaci. Doka kuma ta hana ni faɗa wa mutum sunan cutarsa, ko rubuta masa magani, ko gyara masa karaya. Abin da maɗori ke yi a gida, a nan aikin likitan ƙashi ne, sannan masu gashin ƙashi su karɓa.

Wani abu zai ba ki mamaki. Man kaɗanyar da muke saya a ƙoƙo a kasuwar Argungu, a nan cikin ɗan ƙaramin gwangwani mai ado ake sayar da shi, da tsada, an tace shi har ƙamshinsa ya gudu. Ƙaho ma ya zama abin yayi tun da aka ga jajayen tabo a kafaɗar Maikel Felps, ɗan wasan ninƙaya, a gasar Olamfik ta 2016 a Riyo. Da kofunan gilashi ko na roba ake yi, a zuƙe iska, ba a tsaga fata kamar yadda wanzamanmu ke yi. Awa ɗaya ta tausa a inda nake aiki ta kusa dala 100, amma abin da ke shiga hannuna bai kai rabi ba, sauran na mai wurin ne. Inna kuwa sabulu ake ba ta, da kwanon gero, da kasonta na naman suna, kuma sai ta yi kwanaki tana zarya gidan mai jego safe da yamma. Irin wannan kulawa babu ita a nan ko nawa za ki biya. Na ga matan da suka haihu aka sallame su bayan kwana biyu, suka koma gida ba uwa ba kaka, ba mai dafa musu ruwan wanka.

Tsarin nasu ma yana da giɓi. Jarrabawar ba ta taɓa ganin hannuna ba, a kwamfuta aka yi ta daga farko har ƙarshe. Na yi aiki da masu lasisi waɗanda hannunsu a bushe yake, suna bin jiki kamar masu shafe. Inna takan ce mini, "Ɗiyata, hannu shi ka gani." Ita da ba ta yi boko ba, ko ƙofar ɗakin jarrabawar ba za ta wuce ba, alhali a ajinmu kaf babu mai jin ƙullin tsoka a ƙarƙashin yatsa kamar ta. A gida kowa ya san gidan ungozoma da gidan Sarkin Aska, an san uwar da ta koya wa wance. A nan baƙo ke taɓa baƙo, shi ya sa takarda ta tsaya a madadin sanayya. Don haka ba na fatan a wayi gari a ce Gwaggo sai ta biya kuɗi ta rubuta jarrabawa. Abin da nake fata shi ne a samu ma'aikatan lafiya, irin waɗanda ake yayewa a kwalejin Jega, su riƙa zama da ungozomomi da wanzamai ko na yini ɗaya ne, su faɗa musu waɗannan alamu da Hausa, a nuna musu hoto kamar yadda aka nuna mini.

Kafin a kai ga haka, ga abin da nake roƙonki. Kin ce 'yarki ta shiga watanta. Ki karanta wa Gwaggo wannan wasiƙa tun yanzu, a hankali, ba da sigar gyara mata aiki ba, don ta girme mu kuma ta fi mu sanin jego. Ta yi mata tausar baya da kafaɗa da ƙugu yadda ta saba. Amma in ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi ɗumi tana ciwo, kada kowa ya murza, kada a gasa, a ɗauke ta zuwa asibiti a ranar. In numfashinta ya sarƙe ko ƙirji ya riƙe, ko da tsakar dare ne a fita da ita. Haka in ta yi ciwon kai mai tsanani, ganinta ya dushe, fuska da hannuwa suka kumbura, a je a auna hawan jininta, don jijjiga kan zo ko bayan an haihu. In asibitin Argungu suka ce a wuce Birnin Kebbi, a wuce, kuɗin mota da na magani a kaina.

In an samu mai tahowa, ki aiko mini da man kaɗanya na gida, wanda ba a tace ba, a zuba a roba mai murfi a naɗe da leda biyu don kada ya narke ya ɓata wa mutane kaya.

Ƙanwarki, daga Hustan.