Sharhi: na mayar da soket ɗin tarho ɗakin Hajiya, ga yadda aikin ya kasance

Layin tarhon gidanmu na unguwar Birni a Damagaram tsoho ne, tun zamanin Sonitel, tsohon kamfanin tarho na Nijar, kafin a haɗe ta da SahelCom a 2016 a samu Niger Telecom. Soket ɗinsa a zaure yake, inda marigayi mahaifinmu ke karɓar baƙi. Yanzu Hajiya ce kaɗai ke amfani da shi, don idonta ba ya ganin rubutun salula, ga kuma ciwon gwiwa. Kafin ta ratsa tsakar gida mai kira ya gaji ya ajiye. Shi ya sa na nemo wani mai aikin waya daga Sabon Gari.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai yarda da gajeriyar hanya ba. Ni so na yi a bi da sabuwar wayar ta gefen wayar lantarki, tunda akwai huda a bango. Ya ce, "Alhaji, in muka jera su tare, gunji za ta riƙa ji a kunne kamar kudan zuma." Sai ya zagaya ta saman ƙofar kicin, abin da ya kai mita 25, inda ya zama dole su haɗu kuma ya gitta ta.

Wajen haɗin ne na tabbatar ya san sana'arsa. Da yawa murɗe bakin wayoyi kawai suke yi su naɗe da salatif, damina ɗaya tsatsa ta ci, layi ya fara ƙarar shuu. Shi kuwa ya fere jan ƙarfen nan guda biyu a hankali, ya kankare koren da ya hau tsohon bakin, ya ɗaure kowanne da sukuru cikin ɗan akwatin roba mai murfi. Ɓangaren da ya bi ta waje ya zura shi cikin siririn tiyo, saboda ranar Damagaram ta watan Afrilu ba ta barin roba, ɓeraye ma ba su bari. Tsohon soket na Faransa mai siffar T ya cire shi, ya sa ƙaramin soket na zamani da ake kira RJ11 daidai kan gadon Hajiya, inda hannunta zai kai.

Wani alherin da ba kowa ya sani ba: layin tarho na tagulla da wutarsa yake zuwa daga kamfani, wajen volt 48, don haka ko an ɗauke wuta tarho mai igiya yana aiki. Ga tsohuwar da ke wuni ita kaɗai, wannan a wurina ya fi komai.

Inda bai kyauta ba shi ne bango. Namu ginin ƙasa ne, ƙusoshin maƙale waya ba sa kama shi, ya yi ta bugawa har yaɓe ya zube a gefen ƙofa, ya tafi ya bar shi haka, ga damina tafe. Sai da na kira magini. Kuɗi ma jika takwas muka yi, da ya gama ya ce tiyo daban, na cika jika goma. Da tun farko ya faɗa, da ba zan ji komai ba.

Duk da haka murya na fita tas, kuma zan sake kiransa. Wanda zai ba shi aiki a gidan ƙasa, ya yanke kuɗin kaya da na gyaran yaɓe da shi tun kafin ya ɗauki guduma.